Wa Ya Ba Gwamnati Daji? Amsa Kan Gandayen Arewacin Kamaru da Chadi

Wani matashi daga Garwa ya aiko da tambaya: "Baba, a ranin da ya wuce masu gadin daji suka kama shanun kawuna a gefen wani gandu, sai da ya biya tara mai nauyi kafin a sake su. Ga ciyawa tsaye a ciki tana bushewa har wuta ta cinye ta, ga dabbobinmu a waje suna ramewa. Tun yaushe aka fara killace daji a ƙasar nan, kuma wa ya ba gwamnati shi? In don namun daji ne, ina namun? Ba gara a buɗe wa talakawa su noma su yi kiwo ba?"

Ɗana, Allah ya mayar wa kawunka da alheri. Na daɗe ina aikin daji tsakanin kogin Binuwai da kogin Logon kafin in ajiye, saboda haka zan faɗa maka abin da na sani ba tare da kare kowa ba.

Babu wanda ya ba gwamnati daji. Ɗauka aka yi, kuma da takarda aka ɗauka. A 1896 Jamusawa suka yi doka cewa duk ƙasar da ba a ga mai ita ba a Kamaru ta zama ta sarkin Jamus, tun kafin sojojinsu su ci Garwa a 1901 da Marwa a 1902. Da Faransawa suka karɓi ƙasar bayan yaƙin duniya na farko, suka ci gaba da wannan ƙa'ida. Inda gizo ke saƙar shi ne, idon baƙo ba ya ganin mai makiyaya. Saurar da aka bari ta huta, fadamar da ake su a cikinta sau ɗaya a shekara, mashayar da Bafulatani ke sauka kowane rani tun zamanin kakansa, duk a takarda ba su da mai su. Bayan samun 'yanci ma ba a warware ƙullin ba. Dokokin filaye na 1974, zamanin Ahmadu Ahijo, sun sa duk filin da ba shi da takardar mallaka a ƙarƙashin kulawar gwamnati.

Amma kada ka ɗauka Bature ne ya zo mana da killace daji. Muna da hurumi tun da. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya keɓe Naƙi'u kusa da Madina don dawakin Musulmi. Sayyidina Umar ma ya keɓe makiyaya, kuma ya umarci mai tsaronta da ya bar mai 'yan raƙuma da mai 'yan tumaki su shiga, ya yi hattara da garkunan attajirai, domin attajiri in dabbobinsa sun mutu yana da gona da dabino, talaka kuwa ƙofar shugaba zai zo da 'ya'yansa. Ka riƙe wannan, za mu buƙace shi. A nan gida, dajin da ya zama gandun Binuwai da na Buba Njidda wurin farautar Lamidon Rai Buba ne, sunan Buba Njidda ma na wani tsohon lamidon Rai ne. Kotoko na bakin Logon suna da masu kula da tafkuna, su ke faɗin ranar da za a shiga su. A duwatsun Mandara akwai kurmin da al'ada ta hana sa masa gatari. Sai dai hurumin da yawanci na lokaci ne, a rufe a buɗe, kuma wanda ya rufe yana cikin gari, kana iya zuwa ƙofar gidansa ka kai kuka. Gandun Bature rufewa ce ta dindindin, mai mabuɗin kuma yana Yawunde ko Faris.

Gandayen da ka sani yau an shata su ne a shekarun 1930 da 1940: Binuwai da Mozogo-Gokoro a 1932, Waza a 1934, Faro a 1947. A 1933 ƙasashen mulkin mallaka suka yi taro a Landan suka amince a keɓe wurare don namun daji, domin bindigar zamani da cinikin hauren giwa da ƙahon karkanda sun riga sun yi ɓarna, mafi yawanta kuwa ba talaka ne ya yi ta ba. A 1968 Kamaru ta ɗaga Waza da Binuwai da Mozogo-Gokoro zuwa matsayin gandun ƙasa, wanda ya fi kowane tsanani: ba noma, ba kiwo, ba sara, ba farauta. Kalamaluwe da ke kusa da Kusuri ya bi baya a 1972, Faro a 1980. A 1970 aka buɗe makarantar koyon aikin namun daji a garinku, Garwa, wadda ta horar da ma'aikata daga kusan duk ƙasashen Afirka masu magana da Faransanci. A Chadi kuwa an kafa Zakuma a 1963, Manda a 1965, sai makeken gandun Wadi Rime da Wadi Ashim a 1969. Mutanen da iyaka ta faɗo a kansu ba a nemi shawararsu ba. Wasu an tashe su zuwa bakin layi, suna kallon tafkin da ubanninsu suka yi su a ciki ya zama haramun. Ƙorafinka yana da tushe, ba zan musa ba.

Akwai wani lissafi da mutanen Garwa da yawa ba su sani ba. Manyan gandaye uku na jihar Arewa, wato Binuwai mai murabba'in kilomita 1,800, Buba Njidda mai 2,200 da Faro mai 3,300, in ka haɗa su 7,300 ke nan, kashi 11 cikin 100 na jihar ko kusa da haka. Amma ƙasar da aka keɓe a jihar ta haura kashi 40 cikin 100. Ragowar yankunan farauta ne da suka kewaye gandayen, waɗanda gwamnati ke bayarwa haya ga 'yan kasuwa, yawancinsu Turawa, su kuma su kawo masu kuɗi daga Turai da Amurka su harbi ɓauna da gwanki da ƙaton naman nan mai murɗaɗɗen ƙaho da Fulani ke kira yamusa. Mafi yawan rigimar makiyaya da masu gadi a waɗannan yankuna take faruwa. Ba mamaki shanun kawunka ma can aka kama su.

Sai tambayarka ta biyu, ina namun? Abin da aikin nan ya nuna mini shi ne, abin da ke kashe gandu ko ya raya shi yawanci ba a cikin gandun yake ba. Waza ce babbar shaida, bari in ɗan daɗe a kanta.

Waza murabba'in kilomita 1,700 ce. Ta yamma, wajen titin Mora zuwa Kusuri, jigawa ce mai marke da danya. Tsakiya laka ce mai dushe, inda raƙuman dawa ke kiwo. Gabas kuwa fili ne fetal, sai ka yi tafiya mai nisa ba ka ga inuwa ba, shi Fulani ke kira yayre. Ran gandun duka a wannan fili yake. Ruwan saman wurin bai taka kara ya karya ba, wata uku ne zuwa huɗu. Abin da ke shayar da yayre shi ne ambaliyar Logon. Ruwan da ya sauka can kudu, a tsaunukan Adamawa da kudancin Chadi, yana isowa wajen Satumba, kogi ya cika ya tumbatsa, ya malale filin har gwiwa ko ƙugu, ya kwanta watanni. A cikin ruwan nan burgu da shinkafar daji da jema ke girma, kifi ya shigo ya yi ƙwai. Idan ruwa ya janye wajen Disamba ciyawar ba ta mutuwa, saiwarta tana cikin laka mai danshi. Ko an sa mata wuta, bayan 'yan kwanaki sai ka ga toho kore shar ya ɓullo daga baƙar toka, a tsakiyar rani, lokacin da ko'ina ya bushe. Wannan tohon ke riƙe maraya da dari har damina ta faɗi, shi ke kawo Larabawan Shuwa da Fulani da garkunansu, har daga Najeriya da Nijar. Kududdufan da ruwa ya bari su ne rumbun Musgum da Kotoko, su ne kuma wurin kiwon gauraka da ɗinya da tsuntsaye dubbai.

A 1979 aka gama madatsar ruwa ta Maga don noman shinkafa na kamfanin SEMRY, aka kuma ja ganuwa a gefen Logon. Babu wanda ya taɓa iyakar Waza, ko taku ɗaya ba a rage mata ba, a shekarar ma UNESCO ta sa ta cikin jerin wuraren da duniya ke ji da su. Amma ruwan da ke zuwa yayre ya yanke a babban yanki, farin shekarun 1980 ya zo ya ƙarasa. Ciyawa mai saiwa ta mutu, ta shekara-shekara ta maye gurbinta, irin wadda ke bushewa ƙurmus tun farkon rani. Maraya da ake ƙiyasta su wajen 20,000 suka koma 'yan dubbai kaɗan. Masunta suka watse, makiyaya suka rasa inda za su ci rani. Giwaye suka ƙara dogon zango, wasu arewa zuwa Kalamaluwe, wasu kudu wajen Mindif da Kaele, suna bi ta gonakin dawa. Manomin Kaele da giwa ta tattake masa gona a dare ɗaya bai san da wata madatsa ba, gandu kawai yake zagi.

A 1994 wani shiri da IUCN, ƙungiyar kare muhalli ta duniya, ta jagoranta ya buɗe bakin wani rafi da ganuwar ta toshe, ruwa ya koma wani sashe na filin. Cikin 'yan shekaru ciyawa mai saiwa ta fara dawowa, kifi ya dawo, tsuntsaye suka ƙaru. Sai dai shanu sun riga namun daji isa wurin, kuma sun fi su yawa nesa ba kusa ba. Lokacin kuma ya zo daidai da karyewar tattalin arziki. An zaftare albashi a 1993, aka karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994, masu gadi suka yi ta ritaya ba a ɗaukar sababbi. Daji mai girman Waza ya koma hannun mutane ƙalilan, mota ba mai, takalmi ya tsage. Daga baya Boko Haram ta zo. A Fabrairun 2013 aka sace Faransawa bakwai 'yan gida ɗaya da suka fito daga Waza, a Mayun 2014 aka kai hari sansanin 'yan China masu aikin titi a garin Waza. Baƙi suka ɗauke ƙafa, masu rakiya da direbobi da masu masauki a Waza da Marwa suka rasa abin yi.

Baƙar karkanda irin ta yammacin Afirka, arewacin Kamaru ne mazauninta na ƙarshe a duniya. A 2006 aka bi dazukanmu ana neman sawunta ba a samu ba, a 2011 aka sanar ta ƙare. Ƙahonta ne ya ja mata, ana sayensa da tsada a Yaman don ƙotar wuƙa, a Asiya don magani. Giwayen Buba Njidda ma kasuwar waje ce ta cinye su. A farkon 2012 mahaya dawaki da manyan bindigogi, waɗanda aka ce daga Sudan suka biyo ta Chadi, suka shafe makonni a gandun. Ƙiyasin da aka bayar ya kama daga giwa 200 zuwa fiye da 600. Masu gadi ba su da makamin tunkarar su, kafin a turo sojojin BIR, rundunar Kamaru ta kai ɗaukin gaggawa, an riga an yi ɓarnar. Abin da ya fi ci mini rai a labarin shi ne, wasu mutanen ƙauyukan ba su yi baƙin ciki ba: maharban sun bar musu nama, masu cinye musu gona kuma sun ragu. Ban ga laifinsu sosai ba. Shekara da shekaru suna zaune da giwa, ɓarnarta kaɗai suka sani, ba su taɓa ganin ko sisi ta dalilinta ba.

Dajinku na kusa da Garwa kuwa, cunkoso ne ciwonsa. Tun shekarun 1970 gwamnati ta ƙarfafa wa mutanen duwatsun Mandara da na filayen Arewa Mai Nisa gwiwa su sauko kwarin Binuwai su yi noma. Kamfanin auduga na SODECOTON da aka kafa a 1974 ya buɗe hanyoyi, ya ba da iri da taki. Madatsar Lagdo da aka gama a 1982 ta jawo masunta da manoma, ta kuma rage ambaliyar da ke shayar da filayen masakwa a ƙasanta. Ƙauyuka suka jeru a kan titin Garwa zuwa Ngaundere, daidai inda namun daji ke ƙetarawa tsakanin Binuwai da Faro. Masu haƙar zinariya suka kafa bukkoki a bakin koguna har cikin gandu. Burtalin da shanu ke bi aka nome shi gona bayan gona. Rikicin Afirka ta Tsakiya da na Boko Haram da masu garkuwa da mutane suka koro garkuna daga ko'ina. To makiyayi ya taso, hagunsa auduga, damansa masara, gabansa yankin farauta, ina zai bi? Shanun kawunka ba raini ya kai su ba. Hanyarsu aka cinye tun shekarun baya, kuma ba mai gadin daji ne ya cinye ta ba.

Da a nan labarin ya tsaya, da na ce a haƙura da harkar. Amma dubi Zakuma, a kudu maso gabashin Chadi kusa da Am Timan, mai murabba'in kilomita wajen 3,000. A 2002 tana da giwaye fiye da 4,000. Zuwa 2010 saura kimanin 450, har sun kusan daina haihuwa saboda firgita. A shekarar gwamnatin Chadi ta damƙa gudanar da gandun ga African Parks, wata ƙungiya mai zaman kanta daga waje da ke gudanar da gandaye. Abin da aka canza ba asiri ba ne. A da, in damina ta sauka gandun ya cika da ruwa, ma'aikata kan tattara su fice, giwaye ma su fita waje, maharba su same su a sarari. Sai aka ce ma'aikata su zauna damina da rani. Aka sa wa wasu giwaye abin wuya mai nuna inda suke ta tauraron ɗan'adam, aka share filayen saukar ƙananan jirage, aka raba rediyon oba-oba ga ƙauyukan kewaye, wanda ya ga baƙin mahaya ya sanar, shi ma in 'yan fashi sun taso masa yana da wanda zai kira. An biya da jini: a Satumban 2012 maharba suka afka wa masu gadi shida a sansaninsu na Heban, a wajen gandun, suna sallar asuba. Allah ya jiƙansu. Amma giwaye sun koma haihuwa, zuwa 2021 sun haura 600. Ɓauna da ta koma 'yan ɗaruruwa a shekarun 1980 ta haura 10,000, kuma wajen rabin raƙuman dawa irin na yankinmu da suka rage a duniya suna can.

Ba komai ne ya tafi daidai ba. Karkanda shida da aka kawo daga Afirka ta Kudu a 2018, huɗu sun mutu cikin watanni, aka ƙaro biyar a ƙarshen 2023. Ni kaina ba na jin daɗin ƙasa ta miƙa dajinta ga baƙi, ana tafiyar da shi da kuɗin Tarayyar Turai da na masu ba da tallafi. A Oktoban 2025 ma gwamnatin Chadi ta soke yarjejeniyar, sannan aka sasanta kafin watan ya ƙare. Duk da haka, masu sintirin Zakuma 'yan Chadi ne, irin mutanenmu, albashi kawai suka samu a kan kari da kayan aiki da maƙwabtan da ke ba su labari. A Wadi Rime kuma, mariri da ya ɓace daga daji gaba ɗaya an dawo da shi daga Abu Dabi a 2016, yana haihuwa a fili ɗaya da raƙuman makiyaya, domin wannan gandun bai hana kiwo ba. Sena Ura da ke maƙwabtaka da Buba Njidda ta ɓangaren Chadi, mutanen wurin ne da kansu suka nemi a mayar da shi gandun ƙasa, aka yi a 2010.

Akwai kuma dajin da ba giwa ba zaki, ba mai zuwa ɗaukar hotonsa, shi ne kuwa ya fi shafar tukunyar gidanku, wato dajin itace. A ƙarshen 2008 Chadi ta haramta gawayi da saran ɗanyen itace. Manufar mai kyau ce, amma ba a tanadi abin da zai maye gurbinsu ba. Matan Njamena suka koma girki da kashin shanu da ƙwallon goruba, gawayi ya yi tsada, aka shiga fasa-ƙwaurinsa daga tsallaken kogi, gatarin da aka kora daga Chadi ya sauka a Kamaru. Sauƙi bai fara samuwa ba sai da iskar gas ta wadata bayan buɗe matatar mai ta Jarmaya a 2011. Haka gandun itace na Zamai kusa da Mokolo: da aka buɗe sansanin 'yan gudun hijira na Minawawo a 2013, mutane dubbai suka sauka a gefensa, kowace mace tana buƙatar makamashi kullum. Wace doka ce za ta hana uwa dafa wa 'ya'yanta tuwo? Sai da aka shiga dashe da yin gawayin ɓawon gyaɗa da karan masara kafin wurin ya fara farfaɗowa.

Kan dashe kuwa ina da ra'ayi. Darbejiyar da ta lulluɓe titunan Marwa abin alfahari ce, kuma shirin dashen itatuwa na Sahel Vert na shekarun 1970, wanda aka farfaɗo da shi a 2008, ya yi nasa ƙoƙari. Amma dashen biki, a zo da manyan baƙi da 'yan jarida a watan Agusta a tafi, akuya ce ke cin ribarsa kafin Maris. Kare abin da ya tsiro da kansa ya fi arha, ya fi kamawa. Manomin da ya ga tohon gawo a gonarsa ya kewaye shi, ya rage masa rassa ya bar ɗaya, bayan 'yan shekaru yana da bishiyar da ke zubar da ganye da damina ta bar dawa ta sha rana, ta ba tumakinsa 'ya'ya da rani. In kana son ganin abin da ƙasar nan ke iya yi in an ƙyale ta, je Mozogo-Gokoro. Hekta 1,400 ne kacal, amma tun 1932 ba a noma shi ba, ya zama kurmi mai duhu, tsamiya da marke da sarƙaƙiya sun haɗe, taku kaɗan daga gonakin da rana ke dukan ƙasarsu tsirara.

To, a buɗe wa talakawa? A'a, ɗana, kuma dalilina shi ne dalilin Sayyidina Umar. Buɗe gandu yanka saniyar tatsa ne don romon kwana ɗaya, romon ma ba talaka zai sha ba. Duk inda mai haya ya saki yankin farauta aka bar shi ba mai tsaro, jerin masu shigowa ɗaya ne. Masu injin yankan katako su fara, su kwashe maɗobiya da maɗaci. Masu gawayi su bi kirya da marke. Sai masu hali su zo da tarakta da maganin feshi su share ɗaruruwan hekta. Garkunan da za su cika sauran wurin kuwa yawancinsu na attajiran birni ne da manyan ma'aikata, yaron da ke bin su ɗan haya ne. Talaka ya samu 'yar gona a gefe, ya ci amfaninta shekara uku ko huɗu, ƙasar ta zama faƙo, ruwa ya kwashe ta ya zuba a kogi. Tambayi dattawan Garwa lokacin da jiragen ruwa ke hawowa daga Najeriya da damina su yi lodi a tashar garin, sannan ka je ka dubi yashin da ke kwance a Binuwai yau.

Ciyawar da ka ce tana bushewa a banza ma tana aiki. Ita ke rufe ƙasa daga rana da ruwan farko. Wutar da ka gani kuma mai yiwuwa da gangan aka sa ta. Ma'aikatan daji kan ƙona tun Nuwamba ko Disamba, ciyawa da sauran danshi, wutar ta bi a hankali ta bar tsibiri-tsibiri, toho ya fito. In an bari sai Maris, wuta ɗaya za ta tashi da iska ta kashe har manyan itatuwa. Kuma ɓarnar shanu a gandu ba a ciyawa ta tsaya ba. Makiyayi kan hau kawo da maɗaci ya sassare rassa don ganye har bishiyar ta daina 'ya'ya. In zaki ya kama masa saniya, wani kan zuba guba a mushen, zaki ya ci, kura ta ci, ungulu su ci, a kwashe gawa. Cuta ma tana ƙetarawa ta kowane ɓangare: bushiyar shekarun 1980 ta kashe shanu ta kashe ɓauna, tsandon cikin kurmi kuma yana mayar da garke gida da sammore.

Abin da nake goyon baya shi ne a gyara wajen gandu. A shata burtali a kafa masa alamun siminti, wanda ya noma shi a tashe shi ko ɗan wane ne. A haƙa mashaya a kan hanyar, domin sau da yawa ƙishirwa ke kai garke cikin gandu kafin yunwa. A gefen gandaye a yarda wa maƙwabta, bisa yarjejeniya da lokaci, su yanki shuci, su ɗebi busasshen itace da zuma da ƙaro. Kuɗin hayar yankunan farauta, tsarin da aka daɗe ana bi shi ne kashi 50 na gwamnati, 40 na ƙananan hukumomi, 10 na ƙauyukan gefe. Goman nan ta yi kaɗan, kuma mutanen ƙauye suna da haƙƙin tambayar magajin gari ina arba'in ɗin ta shiga, wace rijiya ko wane aji aka gina da ita. A Janairun 2019 ministocin ƙasashen yankin suka taru a Njamena suka amince cewa ba za a iya kare gandaye ba sai an tsara tafiyar makiyaya tsakanin ƙasashe. Maganar ta yi daidai, aikin ne ke tafiyar hawainiya.

Game da kawunka, dokar daji ta 20 ga Janairun 1994 ita ta daɗe tana aiki, a Yulin 2024 aka yi sabuwa wadda ta ƙara tsananta hukunci, saboda haka kada ya yi wasa da batun. Kafin ya tura garke rani, ya bi ta wurin arɗo da sarkin shanu su je ofishin daji a nuna musu taswira, a bambance musu gandun ƙasa da yankin farauta da burtali. In an sake kama dabbobinsa, ya nemi a rubuta takardar laifi mai ɗauke da wurin da adadin shanun, ya biya a inda za a ba shi rasit. Kuɗin da aka miƙa a gindin bishiya ba ya shiga baitulmali, ba ya kuma hana a kama shi gobe. In naman daji ya afka wa mutum ko dabbarsa ko gonarsa har ya kashe shi don kare kai, tsohuwar dokar 1994 ta ce ya kai hujja ga jami'in namun daji mafi kusa cikin awa 72, kada ya ɓoye fata ko haure. Ita tsohuwar dokar ce kuma, tare da ƙa'idojin aiwatar da ita na 1995, ta ba ƙauye damar neman dajin al'umma har hekta 5,000, su tsara saransa da kiwonsa da kansu. Takardun suna da wahala kuma suna cin lokaci, amma in kawunka da abokan kiwonsa suna da dajin da suke sauka kowace shekara wanda bai shiga gandu ba, su haɗa kai da jauro da lawan su fara nema tun wani bai riga su da tarakta ba.